Kada Ki Ja Igiya a Gonar da Ba a Raba Ba

Gure, ranar Talata.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kin sauka Gidigir lafiya, hanya ba ta wahalar da ke ba, kin kuma tarar da ɗakinki da ɗalibanki yadda kika bar su. Allah ya tsare ki a zaune da tafe, ya raba ki da sharrin wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Innarki tana gaishe ki. Ita ce ta sa na ɗauki alƙalami na bar waya, don ta ce in muna magana ni da ke, kowa jira yake ɗayan ya numfasa ya cusa tasa. Ta yi gaskiya.

Ba zan ba ki labarin gida ba, tunda shekaranjiya kika bar shi. Magana ɗaya ce ta sa na zauna, ita ce Asabar mai zuwa da gonar da Alhaji Sanda ya ce ki kai ɗalibanki su auna.

Na ga murnar da kika zo da ita. Tun da aka tura ki koyar da lissafi a lise, babbar sakandaren garin, kike fama ki kafa wa manyan ajujuwa darasin da za su ga lissafi yana aiki a ƙasa, su fita daga allo su taɓa abin da suke lissafawa. Iyaye suna ce masa wasa, darekta yana ɗaga kafaɗa, sai ga mutum na farko da ya tsaya miki. Zai ba da mota, ya ba da igiya, ya ciyar da aji, ya buɗe muku gonar gidansu, ga kuma Zara, ɗiyar ƙanensa marigayi, a cikin ajin. Kika roƙe ni in zo da na'urata in ɗauka a sa a rediyo. Na ce a'a ban faɗi dalili ba. Kika ce, "Baba, kai da ka tsufa kana cewa a rediyo ilimi ya sauko ƙasa, yau ya sauko kuma ka ja baya?" Na tashi na tafi masallaci alhali lokaci bai yi ba. Ban kyauta ba. Ke malama ce, ba yarinya ba, kin cancanci a gaya miki dalili. In ɗalibi ya tambaye ki abin da ya yi miki nauyi, kada ki yi masa abin da na yi miki.

A lokacin tsoro kawai nake ji, ba ni da hujja. Jiya da hantsi hujjar ta zo har zaure. Kin san Alhaji Sanda yana da shago a kasuwar nan, to da ya shigo gari sai ya biyo ta gida. Ga yadda muka yi, na rubuta miki kamar yadda aka faɗa.

"Ɗan jarida," in ji shi, "ashe ɗiyarka ta fi ka amfani. Kai surutu, ita aiki."

Na ce, "Alhaji, da ma abin da muke roƙo ke nan."

"To ka zo Asabar da akwatin maganarka, duniya ta ji. In an gama kuma Madam ta rubuta mini abin da aka samu, ta sa hannu. In za a samu tambarin makaranta, ya fi."

"Gonar duka za a auna?"

"Duka. Amma a ware. Gefen gabas da matar marigayi ke nomawa daban, namu daban."

"Me ya sa za a ware?"

Ya yi dariya. "Don yara su koyi raba abu mana. Ba shi ne lissafin ba?"

"An raba gadon ne, Alhaji?"

"Kai Malam! Ka yi ritaya, amma bakinka bai yi ba." Ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin. "Ba a raba ba. Yaya za a raba abin da ba a san girmansa ba?"

"Uwar Zara ta san za ku zo?"

"Ɗiyarta ce za ta riƙe bakin igiyar. Ai ta sani ke nan."

Uwani, ki sake karanta wannan amsar tasa ta ƙarshe. Ban ce Alhaji ɓarawo ba ne, ban kuma san gaskiyar gonar ba. Yana yiwuwa matar tana noma fiye da rabon ƴaƴanta, yana yiwuwa ba haka ba ne. Abin da na sani shi ne mutumin yana neman takardar da zai kai gaban mai gari ko jastis, wato kotu, mai ɗauke da hannun malama, kuma yana so a ce ɗiyar matar ce da kanta ta auna. Ajinki ne hanyar da ta fi masa sauƙi, don ba wanda zai tare ƴan makaranta a bakin gona.

Abin da ya sa na gane da wuri shi ne na taɓa faɗawa irin wannan ramin, ba sau ɗaya ba.

Da na gama karatu a Yamai, kafin in shiga aikin jarida, an tura ni nan bautar ƙasa, na koyar da lissafi na ɗan lokaci. Ina da zafin kai irin naki. Wata rana da bazara na ce zan koya wa yara kintace, wato garke kaza ruwa nawa yake sha, rijiya kuma nawa take bayarwa. Na kwashe su muka tafi wata rijiya a hanyar Alakos. Muka tarar da wani makiyayi yana ban ruwa, sa yana ja masa guga. Na gaishe shi, gaisuwa kawai, ban tambaye shi komai ba. Na jera yara, suka fara nuna raƙuma da shanu da yatsa suna ƙirgawa da ƙarfi suna rubutawa. Mutumin ya tsayar da sansa, ya dube mu, ya dubi takardun. Ya naɗe igiyarsa, ya kaɗa dabbobinsa ya tafi, fiye da rabinsu ba su sha ba. Ko haraji ya ji tsoro, ko baki, ko duka biyun, ban sani ba. Na dai san rijiya ta gaba tana da nisa, kuma rana ce irin wadda kika sani. Har yau ban san ko dukansu sun isa ba.

Lambar da ke kan allo ba ta kowa ba ce, ki ninka ta ki raba ta ba wanda zai kwana da yunwa. Amma da zarar kin fita ƙofar makaranta, duk abin da za ki ƙirga ko ki auna yana da mai shi. Kuma mai shi ba wanda ya gayyace ki kaɗai ba ne, duk wanda ke ci daga abin yana ciki. Kafin ki taɓa, ki nemi kowannensu, ki gaya masa abin da za ki yi da kuma inda sakamakon zai je.

Za ki ce wannan ya isa ya koya mini. Bai koya mini ba.

Bayan shekaru, ina rediyon gari, kina goye a bayan innarki, ina da aboki ana ce masa Mushe Idi, yadda ake kiran malaman boko da Faransanci. Ban taɓa ganin malamin lissafi kamarsa ba. Shi ya fara abin da kike so ki yi yanzu. Ya koya wa ƴan ajin ƙarshe yadda za su auna gona komai karkacewarta da igiya mai ƙulli a kowane metir, su kafa turaku, su yanka gonar alwatika alwatika, su lissafa kowace su haɗa. Da hutu ya zo bayan girbi ya ba su aiki, kowa ya auno gonar ubansa. Suka dawo da zane masu kyau. Yaran da ke barci a aji suka farka, har suna gardama a kan kusurwa. Na gani na ce wa Idi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, kawo su rediyo iyaye su ji abin da makaranta ke yi. Ya yi ɗan jinkiri, na matsa masa.

Na tsara shirin yadda aka koya mana, a sa mutum a gaba don mai saurare ya ji abin a jikinsa. Kowane ɗalibi ya faɗi sunansa, da garinsu, da sunan ubansa, sannan girman gonar. A cikinsu akwai Ari da Fanna. Iyayensu maza wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya, gonakinsu a manne, dattawa suka raba musu da ido tun rasuwar mahaifinsu, aka dasa gamba a tsakani. Ari, ɗan wan, ya karanta nasa. Fanna ta karanta nata. Ni kuma, don a ji ina da saurin kai, na matso da bakina na ce, "Ashe Ari, gonarku ta kusa ninka ta su Fanna!" Na yi dariya, mai kula da na'ura ya yi dariya. Idi bai yi ba. Ya ɗora hannunsa a kan nawa, amma maganar ta riga ta fita.

Mutanen nan biyu sun shekara da shekaru suna cin tuwo a kwano ɗaya. Ba na shakkar kowannensu ya san wace gona ta fi girma, manomi ba ya buƙatar igiya kafin ya san wannan. Amma abin da mutum ya sani a cikinsa ya haƙura da shi daban, abin da aka faɗa duk ƙasar Gure ta ji daban. A kasuwa aka fara ce wa uban Fanna, "Ina mai rabin gona?" Abokan wasansa suka samu abin yi, surukansa suka ce an mayar da shi wawa. Aka je wurin mai gari, aka wuce gaba, aka kai jastis. Kafin a yanke, ruwan farko ya sauka. Uban Fanna ya tsallake gamba ya yi shuka. Wansa ya zo da hauya a kafaɗa, shi ma da tasa. Aka ɗauke wan zuwa asibiti, hannunsa na dama bai sake riƙe komai ba. Jandarma suka tafi da ƙanen.

Gida biyu suka rasa wanda za su ɗora wa laifi, sai suka ɗora wa yaran. Aka cire Fanna daga makaranta a shekarar da za ta zauna bak, jarrabawar fita lise, ita da Idi ke cewa injiniya ce in Allah ya yarda. Ari ya bari da kansa, ya bi motocin arewa. Iyaye suka cika ofishin darekta, aka hana fita da igiya. Idi ya nemi a canza masa gari, kuma har ya bar aiki bai sake fitar da aji ƙofar makaranta ba. Fanna kin san ta, ita ce mai kayan miya a bakin rumfar mahauta, wadda innarki ke saye a wurinta. Duk lokacin da na wuce sai ta gaishe ni da ladabi.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne awon yaran daidai ne. Da ma'aikata suka zo da kayan awonsu, abin da suka samu bai yi nisa da na Ari da Fanna ba. Ba kuskuren lissafi ne ya raba gidan ba. A makarantar jarida an horar da mu mu binciki lamba sau biyu kafin mu faɗe ta, kuma na yi hakan. Ba wanda ya ce mini in tambayi kaina wa zai ɗauki lambar gobe, kuma kan wa zai sauke ta. Ke ki koya wa ɗalibanki wannan tambayar tare da alwatika, don tana cikin darasin. Kada kuma ki taɓa haɗa lamba da sunan mutum a gaban jama'a, ko a aji, ko a rediyo, ko a wayoyin nan da abu ke zagaye gari kafin ki kai gida.

Akwai wata ɓarnar da na yi wa Idi a cikin shirin nan, ƙarama ce a ido amma ta yi aiki. Don in ɗaga darasinsa sai na taka na sauran. Na ce x da y ba su taɓa shayar da akuya ba. Mutane suka ji daɗin maganar, ɗalibai suka kai ta aji suna jefa wa malamansu. Ranar da iyaye suka taso wa Idi, ba malamin lissafi ko ɗaya da ya tsaya kusa da shi. Na ji kina cewa a tsakar gida abokan aikinki haddar banza suke koyarwa. Ki bar wannan maganar a tsakar gidan. Iyaye bak suka kawo ƴaƴansu su samu, kuma suna da gaskiya. Ki nuna musu cewa yaron da ya ja igiya da hannunsa ya fi gane tambayar jarrabawa, ki kuma jawo malami ɗaya ko biyu su fita tare da ke, darasin ya zama na makaranta, ba na Madam Uwani ita kaɗai ba.

Kada ki ɗauka ina so ki bar aikin. Wallahi ina so ya ɗore, ina ganin ƙasar nan tana buƙatarsa fiye da yawancin abin da na karanta a littattafai. Abin awo bai ƙare ba. Kin ce mini akwai tudun yashi a bayan makarantarku da ke matsowa. Ku kafa turke, ku riƙa aunawa wata wata, su lissafa yaushe zai iso katanga, su kai wa darekta. Ga shato, babban tankin ruwa na gari, su gano abin da yake ɗauka da bidon ɗiban ruwa nawa yake cikawa. Ga ajin zana da ake sake ɗaurawa kowace shekara, su lissafa tubalin da zai gina shi. In gona kike so lalle, ki zana ta da toka a filin makaranta, ki karkata ta yadda kika ga dama, ki ba ta magada na ƙarya su raba. Alwatika ɗaya ce, kuma ba wanda zai zo da hauya.

Ga abin da nake ba ki shawara ki yi, kuma da sauri. Ranar da wasiƙar nan ta same ki, ki je wurin darekta ki gaya masa komai, har da zancen sa hannu da tambari, don makarantarsa ake so a sa a cikin shari'a. Kada ki je wurin Alhaji ke kaɗai, kada kuma ki tuhume shi da komai. Ki gode masa, ki ce ajinki ba ya auna sai abin makaranta ko na gari, in yana so ya ba da igiyar don wannan, kin karɓa. In rabon gado ake so, akwai malaman da suka san shi, akwai mai gari, akwai hukumar filaye, kuma ana yin sa ne kowane magaji yana tsaye. Zara kuwa, kada ki kira ta gefe kina tambayarta sirrin gidansu, kada ki faɗi dalili a gaban aji. Ki bar ta ta zama ɗaliba kawai. A gidan nasu za ta ci gaba da kwana, kuma ita ce za ta biya duk abin da ya fito.

Ba zan ɓoye miki ba, zai ji haushi. Yana da baki a cikin kwamitin iyaye, yana iya sa a rufe miki darasin bana, yana iya kai ƙararki cewa kin raina manya. Ɗalibanki ma za su yi gunaguni, sun sa rai da mota da shinkafa. Mai yiwuwa ki koma inda kika fara, ba mai goyon bayanki ko ɗaya. Na auna wannan duka kafin in rubuta. Darasin da aka rufe bana ana iya buɗe shi baɗi. Yarinyar da aka cire daga aji, ban taɓa ganin ta dawo ba.

Na san kin riga kin yi masa alkawari, na kuma san yadda kike da maganarki, a wurina kika gado. Ki karya wannan. In ya yi miki nauyi ki ɗora a kaina, ki ce ubanki ne ya hana, tsoho ne mai taurin kai, duk Gure za ta shaida. Ni na riga na gaya masa ba zan zo da na'ura ba. Da zai fita ya tsaya yana sa takalmi, ya ce, "To ai Madam babba ce, ba sai da kai ba. Asabar mota za ta tsaya a ƙofar makaranta."

Saboda haka motar za ta zo, Uwani, ko kin aika masa ko ba ki aika ba. Zai fito da fara'a a gaban yara, ya buɗe ƙofa, ya kira Zara da sunanta ya miƙa mata igiya. A nan ne za ki ce a'a, ido da ido, kuma ba shi da daɗi. Ranar Juma'a bayan masallaci zan shigo motar Gidigir in kwana wurin abokina liman. Da safe zan tsaya a bayanki, ba zan ce uffan ba, ke ce malama, ke za ki yi magana. In kina ganin zuwana zai rage miki girma a idon ɗalibanki, ki faɗa wa shofer ɗin da ya kawo miki wannan, zan zauna a gida. In ban ji komai ba, zan zo.

Allah ya ba ki sanyin zuciya da kaifin harshe a lokacin da ya dace, ya tsare ki, ya tsare yarinyar nan da uwarta, ya shirya Alhaji da mu baki ɗaya. Allah ya sa albarka a aikinki, ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam.

Babanki.